TIYATAR MUƘAMUƘI: MAGANI CE KO CANZA HALITTAR ALLAH?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ɗan Adam Ya kyautata surarsa, Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa tsarkaka da sahabbansa managarta, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ta fara shigowa gidajen Musulmi a 'yan shekarun nan, musamman a birane, wadda take raba kan iyaye da 'ya'yansu, har ma da ɗaliban ilimi. Ita ce ta matashin da haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda ya kamata, aka kai shi asibiti aka ɗaura masa wayar gyaran haƙori, ya shekara biyu ko uku yana fama da ita, aka kashe kuɗi masu yawa, amma da aka cire sai ga shi tsugune ba ta ƙare ba. Ko dai haƙoran sun jeru amma har yanzu ba sa haɗuwa, ko kuwa bayan 'yan watanni sun koma gidan jiya. Daga ƙarshe sai likita ya ce matsalar tana cikin ƙashin muƙamuƙi ne, kuma babu abin da zai daidaita shi sai tiyata, wato a yanka ƙashin, a matsar da shi inda ya dace, a ɗaure shi a can.

Da jin haka sai gida ya rabu biyu. Wasu su ce a'a, wannan ai canza halittar Allah ne, yadda Allah Ya yi shi haka Ya ga dama, ya rungumi ƙaddara kawai. Wasu kuma, musamman shi mai abin da abokansa da suka saba kallon hotunan waɗanda aka yi wa aikin a wayar hannu, su ga kamar gobe ma a shiga da shi ɗakin tiyata ya fito da sabuwar fuska. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Gaskiyar magana ita ce, wanda likitoci masana suka tabbatar cewa aibinsa a ƙashi yake, kuma yana hana shi tauna ko magana ko numfashi yadda ya kamata, to wannan tiyata a wurinsa magani ce kamar kowane magani, kuma babu mai hujjar haramta masa ita da sunan addini. Amma fa babban aiki ne mai hatsari, wanda Shari'a ta gindaya masa sharuɗɗa, ba a shigarsa don kwalliya ko don an ga wane ya yi.

Ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Bakin ɗan Adam kamar dutsen niƙa ne da ɗansa, in ba su hau kan juna daidai ba to babu gari. Muƙamuƙin sama a manne yake da ƙoƙon kai, ba ya motsi. Na ƙasa shi ne yake motsi a kan gaɓoɓi biyu da suke gaban kunnuwa. An tsara haƙora ne ta yadda na gaba na sama za su ɗan rufe na ƙasa, turame kuma su hau kan junansu. To a wurin wasu mutane ƙashin ƙasa yakan yi tsawo ya wuce na sama, sai haƙoran ƙasa su sha gaba, haɓa ta turo. Wasu kuma na ƙasan ne yake gajarcewa, haɓa ta shige ciki, haƙoran sama su yi zaƙo-zaƙo, leɓɓa ba sa rufuwa sai da ƙoƙari. Akwai wanda in ya rufe baki turamensa kaɗai ke haɗuwa, na gaba kuwa da rata a tsakaninsu har harshe yana leƙowa. Akwai kuma wanda gefe ɗaya ya fi ɗaya girma, baki ya karkace. Tun a 1899 wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Edward Angle ya kasa matsalolin haɗuwar haƙora gida uku, kuma har yau likitoci suna aiki da wannan rabo nasa.

Sau da yawa abin gado ne. Gidan sarautar Habsburg na Turai sun shahara da shi, har ana ba da labarin cewa Sarki Charles na biyu na Sipaniya, wanda ya mutu a 1700, da ƙyar yake tauna abinci saboda tsawon muƙamuƙinsa na ƙasa, ga mulki ga dukiya amma babu magani a zamaninsa. Wani lokaci kuma faɗuwa ce yaro ya yi ya bugi haɓa, gaɓar ta samu rauni ba a lura ba, sai ƙashin ya daina girma a wannan gefen. Daɗewa ana tsotsar yatsa, da numfashi ta baki saboda toshewar hanci, da haihuwa da tsagaggen leɓe ko ganɗa, duk suna taimakawa. Har cutar sikila, wadda ta yi yawa a wannan ƙasa, takan sa ƙashin sama ya turo a wurin wasu masu ita. Babu sammu a ciki, babu bakin uwa, balle a ce wata alama ce ta fushin Allah.

Mai kallo daga nesa babu abin da yake gani sai sura, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da haƙoransa na gaba ba sa haɗuwa ba ya iya gutsurar nama ko rake ko goro, sai ya tura gefe ko ya nemi wuƙa, kuma sau da yawa haɗiye abinci yake yi bai taunu ba. 'Yan haƙoran da suke ɗauke da nauyin tauna su kaɗai sukan cinye da wuri, su tsattsage. Wanda leɓɓansa ba sa rufuwa bakinsa kullum a bushe, dasashi a kumbure. Ƙaramin muƙamuƙin ƙasa kuma yakan tura harshe baya ya matse hanyar iska, mutum ya yi ta minshari, numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci sau da yawa a dare ɗaya, ya tashi a gajiye, kuma likitoci sun tabbatar wannan yana da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Ga kuma furuci. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san cewa ba'un da mimun daga leɓɓa biyu suke fita, fa'un daga leɓen ƙasa da kan haƙoran sama, sinun da sadun da zayun kuwa sai harshe ya tarar da haƙoran gaba a mazauninsu. Ban da wannan duka akwai izgilin yara a makaranta da miyagun laƙubba, abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana ƙarara, amma ake yi a kan titi har da manya.

To me ya sa waya take gazawa? Aikin waya shi ne ta matsa wa haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, wani yana tsirowa a bayansa, da haka haƙorin yake tafiya. Tana jera haƙora a cikin ƙashi, amma ba ta iya ƙara wa ƙashin baligi tsawo, ba ta kuma iya rage shi. Idan bambancin da ke tsakanin muƙamuƙan biyu kaɗan ne, likita yana iya ɓoye shi ta hanyar karkatar da haƙora, wani lokaci ya cire biyu ko huɗu don a sami wuri. Idan kuwa bambancin ya yi yawa, sai a yi ta tura haƙora har su kai bakin ƙashi, dasashi ya janye, saiwa ta gajarce, kuma da an sake su sai su nemi komawa. Ginin da harsashinsa ya karkace, ko sau nawa aka sake ƙofa ba za ta rufu ba.

Sai dai kuma ba duk wanda waya ta gaza a kansa ne yake buƙatar wuƙa ba. Wani bayan an cire waya an ba shi abin riƙe haƙora da zai riƙa sa wa, ya jefar da shi a aljihun tebur. Wani an yi masa aikin yana ɗan shekara 12 ko 13, ƙashinsa ya ci gaba da girma daga baya, domin ƙashin fuska yakan gama girma ne a wajen shekara 14 zuwa 16 ga mata, 17 zuwa 21 ga maza. Wani harshensa ne yake ta tura haƙora duk lokacin da ya haɗiyi yawu. Wani kuwa tun farko ba likita ba ne ya ɗaura masa, a wani shago aka liƙa masa ita kamar ana saka ɗan kunne. Irin waɗannan wasunsu sake gyara a hannun ƙwararre ya ishe su, balle yanzu da ake da 'yan ƙananan ƙusoshi da ake kafawa a ƙashi na ɗan lokaci don jan haƙora, waɗanda suka raba mutane da dama da tiyata. Saboda haka matakin farko shi ne a ɗauki hoton ƙashin kai, a yi awo, likitan da ya ƙware a jera haƙora da likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi su zauna tare su faɗi inda aibin yake.

Idan aka tabbatar a ƙashi yake, sai a koma ga Shari'a. Masu cewa haramun ne suna kafa hujja da aya ta 119 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ta'ala Ya ba da labarin alwashin da Shaiɗan ya sha na umartar 'yan Adam su riƙa jirkita halittar Allah. Suna kuma kawo hadisin Abdullahi bin Mas'ud (R.A.) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda a cikinsa aka la'anci mata masu zane a jiki, da masu tsige gira, da masu goge haƙora don buɗe wushirya. Ayar gaskiya ce, hadisin kuma ingantacce ne, babu Musulmin da zai yi jayayya da su. Amma shi hadisin da kansa ya ɗaure la'anar masu goge haƙora da wani ƙaidi, wato yin hakan don neman kyau. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya bayyana a sharhin da ya yi wa Sahihu Muslim cewa wannan ƙaidi yana nuna haramcin ya tsaya ne a kan mai yi don ƙawa, amma wadda ta buƙaci hakan don magani ko don wani aibi a haƙorin, babu laifi a kanta.

Akwai kuma ƙissar sahabi Arfajatu bin As'ad (R.A.), wadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin Jahiliyya, ya sa na azurfa sai ya yi masa wari, Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali kuwa zinare haramun ne ga maza. Annabin rahama bai ce masa ya je ya zauna da ƙaddararsa ba, bai kuma tuhume shi da son kyau ba. Ya ga aibi ne mai cutarwa, ya ba da damar gusar da shi har da abin da a asali aka hana. Suratut Tini ta tabbatar cewa a mafi kyawun tsari aka halicci ɗan Adam, kuma daga cikin wannan tsari akwai haƙoran da suke haɗuwa su tauna. Wanda ya mayar da gaɓa ga aikin da aka halicce ta dominsa, to ga asalin halitta ya mayar da ita. Ba a taɓa jin malamin da ya haramta cire yanar ido, ko ɗorin karaya, ko ɗinke tsagaggen leɓen jariri ba. Maganar ƙaddara kuwa, Sayyidina Umar (R.A.) ya riga ya warware ta lokacin da ya juya da mutane daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna wa masu sukarsa cewa gudun da suka yi shi ma cikin ƙaddarar Allah yake.

Malaman wannan zamani ma a kan haka suka tafi. A 2007, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, wadda mazauninta yake Jidda, ta yi zamanta na 18 a birnin Putrajaya na Maleshiya, ta fitar da matsaya a kan tiyatar gyaran jiki. Ta halatta aikin da ake yi don mayar wa gaɓa aikinta, da gyara aibin da aka haifi mutum da shi, da wanda ya same shi ta hanyar ƙuna ko hatsari ko cuta, da gusar da munin da yake cutar da mutum a jikinsa ko a zuciyarsa. Ta haramta wanda ake yi wa lafiyayyar halitta don bin son zuciya, ko kwaikwayon wasu, ko ɓoye kamanni don yaudara. Sa'annan ta sa sharuɗɗa, daga cikinsu akwai cewa cutarwar aikin kada ta fi amfaninsa, ƙwararre ne zai yi shi, a sanar da majinyaci hatsarin da ke ciki ya yarda da kansa, kuma ya zama babu wata hanya da ta fi sauƙi.

Abin mamaki a nan shi ne yadda ma'auni ya juye a hannun jama'a. Mutum zai je Makka, a goge masa lafiyayyen haƙori a lulluɓe shi da ƙarfe mai ƙyalli don kawai a san ya sauke farali, ya dawo a yi ta yi masa barka. Mace za ta shekara tana shafa man da zai ɗaye mata fatar da Allah Ya ba ta, ko ta je a buɗe mata wushiryar da hadisi ya ambata da kanta, babu mai ɗaga murya a gidan. Amma yarinyar da ba ta iya gutsurar gurasa, in aka ce za a daidaita mata ƙashi, sai kowa ya zama mufti. Lalle wannan bin al'ada ne aka yafa masa rigar addini.

Kuma wannan fanni ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu a wajen 1013 Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa At-Tasrif kan ɗaure haƙora masu girgiɗi da zaren zinare, da rage waɗanda suka fito ba bisa layi ba, da ɗorin karayar muƙamuƙi, kuma Turawa sun fassara babinsa na tiyata suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. A nan ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin jagorancin daula sai da ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Da Musulmi suka yi barci sai ilimin ya ci gaba a hannun wasu. A 1849 wani likita a Amurka, Simon Hullihen, ya ba da rahoton yanka ƙashin muƙamuƙin wata budurwa da tabon ƙuna ya janye mata shi tun tana yarinya, ya mayar da shi mazauninsa. A 1901 René Le Fort na Faransa ya gano layukan da ƙashin fuska yake karyewa a kansu, kuma ɗaya daga cikinsu ake bi a yau wajen yanka muƙamuƙin sama. A 1957 Richard Trauner da Hugo Obwegeser na Ostiriya suka wallafa hanyar tsaga ƙashin ƙasa ta cikin baki, wadda da ita aka fi aiki har yanzu. Hikima kuwa kayan mumini ce da ta ɓace masa, duk inda ya same ta ya ɗauka.

To amma halaccin abu daban, sauƙinsa daban. Wajibi ne mai tunanin wannan aiki ya san abin da zai shiga. Galibi sai an sake ɗaura masa waya na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin tiyata, don a warware karkatarwar da aka yi wa haƙora a baya, kuma a wannan lokaci bakinsa zai ƙara muni kafin ya gyaru. Ranar aiki za a sa shi barci gaba ɗaya na awoyi, a yanka ta cikin baki, a matsar da ƙashi da 'yan milimitoci, a ɗaure shi da ƙananan ƙarafa da ƙusoshi na taitaniyam. Zai kwana biyu ko uku a asibiti, fuska ta kumbura, ya yi makonni yana shan kunu da romo da abinci mai laushi, ya rame. Ƙashin yakan kama a cikin kamar mako shida, cikakken warkewa kuwa sai watanni, sa'annan a ci gaba da waya na wasu watannin. Jimla, tafiya ce ta shekara biyu zuwa uku.

Hatsarinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Akwai jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin ƙasa, ita take ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Mafi yawan waɗanda aka tsaga wa wannan ƙashi sukan farka leɓensu a mace ba ya jin taɓi; a wurin da yawa ji yakan dawo a hankali cikin watanni, a wurin wasu kuwa ba ya dawowa duka har abada. Akwai zubar jini, akwai ruɓewar wurin aiki, akwai yiwuwar ƙashi ya ɗan koma baya, siffar hanci ma tana iya sauyawa idan na sama aka taɓa. Wanda yake fama da ciwon gaɓar muƙamuƙi kada ya ɗauka lalle tiyata za ta raba shi da shi, domin wani yana samun sauƙi, wani kuwa a'a. Mai sikila da mai ciwon sukari da mai hawan jini da mai shan taba, kowannensu hatsarinsa ya ƙaru, kuma ɓoye wa likita irin wannan cin amanar kai ne.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A Koriya ta Kudu, inda 'yan jari-hujja suka mayar da fuskar ɗan Adam haja, an riƙa tallar yankan muƙamuƙi ga matasa masu lafiyayyun haƙora don kawai fuska ta sirance kamar ta 'yan wasan talabijin. A 2016 wani ɗalibi ya mutu a birnin Seoul sakamakon zubar jini bayan an yi masa aikin rage ƙashin muƙamuƙi, kuma hoton na'urar da ke ɗakin ya nuna likitan ya bar shi ya tafi wajen wasu. Mahaifiyarsa ta yi ta fafutika har majalisar ƙasar ta yi doka a 2021 ta tilasta sa na'urar ɗaukar hoto a ɗakunan tiyata, dokar ta fara aiki a 2023. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido, kuma irin wannan ne ayar Suratun Nisa'i take tsoratarwa a kansa. Yanzu wannan talla tana shigowa aljihun 'ya'yan Musulmi ta wayar hannu ba tare da sallama ba.

Saboda haka wanda yake tsaye a wannan mararraba ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah abin da yake nema. In tauna ce da numfashi da furuci, ko wani aibi bayyananne da ya hana shi sakewa cikin mutane, to ya yi gaba da ƙarfin zuciya, kuma in fuska ta ƙara kyau a sanadin haka wannan falala ce, babu zunubi a ciki. In kuwa bakinsa lafiya lau yake, haɓar wani ya gani ya yi sha'awa, ya ji tsoron Allah ya bar wa kansa ƙashinsa. Ya nemi ra'ayin likita na biyu wanda ba shi da riba a cikin aikin. Ya tambayi mai yankan sau nawa ya yi irin wannan aiki, me zai faru in ba a yi ba, kuma wa zai duba shi in matsala ta taso bayan wata shida, musamman masu shirin zuwa Masar ko Indiya ko Turkiyya su dawo. Ya tabbatar likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, domin hadisi ya ɗora wa wanda ya yi likitanci ba da sani ba lamunin abin da ya ɓata. Ya yi istihara, ya yi shawara, ya tsara lokacin aikin ta yadda ba zai ci karo da azumin Ramadan ba in da hali, in kuwa ya ci karo to marar lafiya yana da rangwamen ramuwa.

Iyaye kuma su sani jikin na ɗansu ne, shi zai kwanta a gadon, shi zai rayu da sakamakon. Ba a tilasta wa budurwa tiyata don ta samu miji, ba a kuma hana ta don tsoron bakin dangi. Idan babu likita mace a fannin, lalura ta halatta namiji ya duba ta, tare da kiyaye sutura da kauce wa keɓancewa. Waɗanda 'ya'yansu suke ƙanana kuwa su tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwararru suna ba da shawarar a duba haɗuwar haƙoran yaro tun yana ɗan shekara 7, domin a lokacin da ƙashi yake girma akwai na'urorin da suke iya karkata girman nasa, su rage buƙatar wuƙa a gaba.

Saura magana ɗaya mai ɗaci, wadda in ba a faɗe ta ba an yi ha'inci. Duk wannan muhawara ta masu hali ce. Akwai sassan tiyatar fuska da muƙamuƙi a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da na Malam Aminu Kano da na Usmanu Ɗanfodiyo, amma likitocin 'yan kaɗan ne, kuma karayar masu hatsarin mota da ƙarin muƙamuƙi sun cika musu hannu, ga wasunsu suna ta ficewa ƙasashen waje. Ma'aikacin da a 2024 aka yanka masa mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, ina zai ga kuɗin waya, balle na tiyata? A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma, wadda wasu ke kira zaizayar baki, da aka buɗe a 1999. Cuta ce ta yunwa da talauci, tana cinye kumatun yaro, in ya tsira da rai sau da yawa muƙamuƙinsa ya ƙage ba ya buɗuwa, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Tun 2014 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take tallafa wa aikin da ake yi wa yaran a can kyauta. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, amma gwamnatin tarayyar da ta karɓi baƙuncin taron ba ta taɓa cika shi ba, masu mulkin kuwa da kansu ya sara sai London. Wannan zalunci ne da za a yi hisabi a kansa.

Kafin ranar hisabin, nauyi yana kan al'umma. Masu zakka da masu waƙafi su san cewa buɗe bakin yaron da ya ƙage, ko daidaita ƙashin matashin da ba ya iya tauna, sadaka ce mai gudana. 'Yan uwa ɗalibai maza da mata su shiga karatun likitancin haƙori da tiyatar fuska da niyyar sauke farilla ta kifaya. Malamai kuma, kafin su ce halal ko haram a irin wannan mas'ala, su kira likita su tambaye shi, kamar yadda shi ma likitan ya kamata ya tambaye su.

Allah Ya ba marasa lafiyar Musulmi lafiya, na gida da na asibiti, Ya shiryar da likitoci ga riƙon amana, Ya nuna wa al'umma gaskiya Ya ba ta ikon bin ta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.